Ɗiyata za ta shiga CM1: in kai ta makarantar sistoci ta ƴan mata zalla?

Tambayar ta fito ne daga wata uwa a unguwar Zango, nan Damagaram. Ɗiyarta mai shekara 10 ta gama CE2, wato aji huɗu na firamare, a lakwal ta gwamnati, za ta shiga CM1, aji biyar, sai aka samar mata gurbi a wata makarantar ƴan Katolika da sistoci ke riƙe da ita, wadda aka ce mata zalla take ɗauka. Maigida ya yarda, amma wansa ya ce ba da yawunsa ba, wai za a sauya wa yarinya addini. Uwar tana son sanin abu biyu: shin raba mata da maza a wannan shekarun yana ƙara wa yarinya karatu da gaske, kuma akwai abin tsoro ta wajen addini?

Ƙanwata, na daɗe ina riƙe da ajin CM, daga baya kuma na yi aikin zagayen duba malamai a makarantun gwamnati da na kuɗi, har da na mishan. Amsata ita ce ki kai ta, in makarantar ta cika abubuwan da zan faɗa miki, in kuma kin tabbata kuɗin shekara biyu ba zai gagare ku a tsakiyar hanya ba. Sai dai kada ki kai ta don an ce mata zalla, kada kuma ki fasa don an ce Katolika. Abin da zai yanke hukunci a kan ɗiyarki a CM1 da CM2, aji shida na ƙarshen firamare, shi ne wadda ke tsaye gaban allo, da yawan kwanakin da ake karatu a shekara, da ko yarinyar tana gane abin da take karantawa.

Ki fara tabbatar da cewa makarantar ta mata zalla ce a aikace. Ƴan mishan sun soma ne da raba yara, shi ya sa har yau a Yamai ake jin sunan Mission Filles da Mission Garçons, kuma kwalejin Mariama ma don ƴan mata sistoci suka kafa ta. Amma suna yakan daɗe bayan tsari ya sauya. Akwai inda aka haɗa yaran tuni, akwai inda aji ne kawai aka raba amma filin wasa ɗaya ne. Ki je da ƙafarki lokacin hutun tara ki gani.

A kan ko rabuwar tana ƙara karatu, masana sun yi ta gwaji. A 2014 wasu masu bincike a Amurka suka tattara nazari 184 da suka shafi ɗalibai fiye da miliyan ɗaya da rabi daga ƙasashe daban-daban. Da suka ware nazarin da aka yi da kyau, wato wanda ya yi la'akari da irin gidan da yaro ya fito da ƙoƙarinsa tun kafin ya shiga, sai fifikon makarantar jinsi ɗaya ya kusan ɓacewa. A Seyul ta Koriya ta Kudu, inda aka daɗe ana rarraba ɗalibai makarantu ta hanyar ƙuri'a, an ga ƴar riba ga waɗanda suka faɗa makarantun da aka raba. A Tirinidad kuwa ribar ta fi fitowa ga ƴan matan da su da kansu suke son makarantar mata. Waɗannan biyun kan ƴan sakandare aka yi su. Abin da za ki riƙe shi ne, in kika ga makarantar sistoci ta fi ta gwamnati cin jarrabawa, ba rashin maza ne babban dalili ba. Iyayen da suka biya kuɗi suna bin sawun karatu, makarantar tana zaɓen yara da gwaji, ana buɗewa a kan lokaci, malama tana zuwa kullum, kuma yajin aikin malaman kwantaragi ba ya cinye musu watanni. A wasu makarantun gwamnati ajin zana ba ya tsayuwa sai an gama girbi an samu kara, Nuwamba ta yi nisa. Yarinyar da ta soma karatu farkon Oktoba ta riga ta wuce ta ajin zana da makonni, ko da maza ɗari ne a ajinta.

Duk da haka ba zan ce rabuwar banza ce ba, domin na ga abin da take yi da idona. A ajin haɗaka na CM2, in malami ya jefa tambaya, hannuwan maza ne ke tashi da ihun "mushe, mushe", ƴan mata suna gefe ɗaya suna jan hijabi suna rufe baki. Shugaban aji namiji, mai zuwa allo namiji, shara da ɗebo ruwan randa da goge allo na mata. Ba wanda ya rubuta haka a doka, haka kawai ake yi. A ajin mata zalla ba wanda za a miƙa wa alli sai mace. Ta farko a lissafi mace ce, mai tsaron gida a wasan ƙwallo mace ce, wadda ke ta da tuta mace ce. Yarinyar da ta shekara biyu tana magana da ƙarfi gaban mutane ba ta cika mantawa da yadda ake yi ba. Wannan riba ce, ko da ba ta fito a maki ba.

Sai dai rabuwar tana da nata ciwon. Ƴan mata masu shekara 10 zuwa 13 sun iya ware ƴar'uwarsu a shiru, ba zagi ba duka, kawai a daina yi mata magana, a matsa in ta zauna. Malamar da ba ta da ido ba za ta gani ba, tunda ba wanda ya fasa wa wani kai. A makarantar kuɗi kuma akwai gasar takalmi da jaka da abin da aka zo da shi na tara, da wadda aka sauke a mota da wadda ta zo a kabu-kabu. Kayan makaranta iri ɗaya suna rage wannan, ba sa kashe shi. Abin da ya fi damuna shi ne makarantar matan da ke sassauta lissafi da kimiyya ta cika lokaci da ɗinki da saƙa da waƙa, da tunanin ai mata ne. Ɗinki ba laifi ba ne. Amma jarrabawar CFEPD, satifika, wadda aka dawo da ita a 2024 bayan kusan shekara goma da dakatarwa, takarda ɗaya ake ba mace da namiji. Ki nemi jadawalin mako ki ƙirga awannin lissafi da na Faransanci da kanki.

Bari in tsaya a kan karatun kansa, don nan ne iyaye suka fi ruɗuwa. CM1 aji ne da ake daina koyon karatu, a koma yin karatu don koyon wani abu. Tarihi, labarin ƙasa, kimiyya, har matsalar lissafi, duka a rubuce suke zuwa da Faransanci. Yarinyar da ta iso nan tana haɗa baƙi da ƙyar, komai zai rushe mata lokaci guda, kuma sau da yawa ba a ganewa, saboda ƴan matanmu gwanayen hadda ne. Za ta kwafe darasi da rubutu mai kyau, ta ja layi da jan bik, ta haddace shi tsaf, ta karanto miki ba gargada, amma in kika tambaye ta me ake nufi sai ta yi shiru. Gwajin PASEC, wanda ake auna karatun yaran firamare da shi a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, na 2014 ya nuna cewa a Nijar ƙasa da ɗaya cikin goma na yaran ƙarshen firamare ne suka kai matakin da ake so a karatu. A 2019 abin ya ɗan gyaru zuwa wajen uku cikin goma. Ke nan kasancewar ɗiyarki ta haye CM1 ba shaida ba ce cewa ta iya.

Ki gwada ta a gida kafin ki biya ko dala. Ɗauki littafin karatunta na CE2, buɗe shafin da ba su yi ba, ta karanta sakin layi ɗaya da ƙarfi. Rufe littafin, ki ce ta ba ki labarin da Hausa. Ko ba ki jin Faransanci za ki gane, domin wadda ta fahimta za ta ce wani yaro ne ya je rijiya kaza ya faru, wadda ba ta fahimta ba za ta maimaita miki kalmomin Faransanci guntu-guntu. In ta kasa, ba dalilin fasa kai ta ba ne. Dalili ne na faɗa wa shugabar makarantar gaskiya tun ranar farko, ki tambaye ta me suke yi wa yarinyar da ta zo a baya. In suka ce za su sake gwada ta, wataƙila su maida ta CE2, kada ki ji haushi. Maimaita CE2 a shekara 10 da tushe mai ƙarfi ya fi a ja ta har CM2 ta faɗi tana da 12, lokacin da dangi suka fara ƙirga mata shekaru.

Lissafi kuma akwai abin da nake so ki lura da shi. Ɗiyar Damagaram da ake aika kasuwar Dole tana lissafi da dala. An ce mata dala arba'in, ta san tamma ɗari biyu ke nan a rubuce, ta ba da jaka ta san canjinta ba tare da ta taɓa alli ba. Ninkawa da biyar take yi da rabawa da biyar a ka, kullum. Amma a aji sai a ce ba ta iya lissafi ba, saboda an rubuta matsalar da Faransanci kuma ba wanda ya nuna mata cewa abin da take yi a kasuwa shi ne wannan. Malama ta ƙwarai tana shigowa da tiya da zakka, da mita na tela, da litar mai, ta koyar da rabi da kwata da lamba mai waƙafi da su. In kika leƙa aji kika ga ba komai sai allo cike da ƙa'idoji ana maimaitawa da murya ɗaya, to hadda ake yi, ko sista ce ke koyarwa ko wani.

Ki tambayi kuma yadda suke da Hausa. Wasu makarantun kuɗi har yanzu suna rataya wa yaro sambol, wato wata alamar kunyatarwa, in ya yi Hausa a fili, a ci shi tara ko a dake shi. Ni ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Yana sa yarinya ta yi shiru, kuma shirun ne muke yaƙi da shi. A nan Damagaram aka soma gwajin koyarwa da Hausa a makarantar gwamnati tun 1973, kuma tun 2025 an ayyana Hausa harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Ana iya tsananta Faransanci a cikin aji, tunda da shi za a yi jarrabawa, ba tare da an sa yarinya jin kunyar harshen uwarta ba.

In aka nuna miki takardar da aka manna a bango cewa kusan duka yaransu sun ci satifika, ki yi murmushi ki tambaya: ƴan mata nawa suka shiga CM1 shekara biyu da suka wuce, nawa ne daga cikinsu aka kai jarrabawa? Akwai makarantun da ke sallamar masu rauni a ƙarshen CM1 don alƙaluman su yi kyau. In an fara da hamsin aka kai talatin, kin san inda ashirin suka tafi.

Yanzu maganar addini, wadda ita ce ta hana ki barci. Ba zan raina damuwar wan mijinki ba. Makarantar Katolika ta Katolika ce. Za ki ga gicciye a bango, wataƙila da gunkin Maryam a tsakar gida, sistoci suna da addu'o'insu, kuma abin da suka yi imani da shi game da Annabi Isa (AS) ya saɓa da abin da muka yi imani da shi. Yarinya mai shekara 10 tana gani kuma za ta yi tambaya. Amma ki sa abin a ma'auninsa. Kiristoci a Nijar ba su kai ɗaya cikin ɗari ba, saboda haka a makarantun mishan da na shiga, akasarin yara ƴaƴan Musulmi ne, kuma da yawa daga malaman ma Musulmi ne. Manhajar gwamnati suke bi, masu duba makarantu na gwamnati ke shiga musu, jarrabawar gwamnati suke yi. Abin da na saba gani shi ne katikizim, wato darasin addininsu, ana yi wa ƴaƴan Kiristoci ne daban, ba a lokacin da kowa ke zaune a aji ba. Cocin kanta, a babban taronta na Batikan da aka kammala a 1965, ta fitar da matsaya a rubuce cewa tana girmama Musulmi, kuma ba a tilasta wa kowa addini. Koyar da ƴan mata ma tsohuwar sana'arsu ce: ƙungiyar sistocin Ursula ta samo asali a Italiya a 1535, ta sistocin Asomsiyo a Faris a 1839. Mun ga likitoci da alƙalai da malamai mata da suka fito daga hannun sistoci, suna sallarsu suna azuminsu, wasu sun je Makka sun dawo.

Amma matsayar Batikan ba ita ce za ta tsaya a ajin ɗiyarki ba, mutum ne zai tsaya. Don haka ki zauna da shugabar ki yi mata tambaya ɗaya bayan ɗaya, ba kunya. Akwai addu'ar safe, me ake faɗa a ciki, kuma ƴar Musulmi tana iya yin shiru ba a tsangwame ta ba? Ana kai yara coci a wasu ranaku, ana neman izinin iyaye? Darasin tarbiyya wa ke koyar da shi, ina littafin? An yarda da hijabi a kan kayan makaranta? In lokacin azahar ya same su a makaranta, akwai wurin alwala da salla? Da azumi ana sassauta wasan motsa jiki? In da abinci, wa ke yanka? Shugabar da ta saba da garin nan ba za ta ji nauyin ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, ta sha jin su. Wadda ta fara kame-kame ko ta nuna ɓacin rai, ta ba ki amsa ke nan. In kuma aka yi alkawari aka saɓa, akwai na gaba da ita: makarantun Katolika na Damagaram suna ƙarƙashin bishop na Maraɗi ne, tun da aka kafa wannan yanki na cocin a 2001, sannan ga ofishin masu duba makarantu na gwamnati.

Gaskiyar da ba a cika faɗa ba ita ce lakwal ta gwamnati ma, in ba faranko-arab ba ce, wato mai haɗa Faransanci da Larabci, ba ta koyar da addinin Musulunci. Ko ina kika kai ta, Alƙur'ani da tsarki da salla suna wuyanku ne da malamin allo ko islamiyya. Abin da na ga yana cutar da addinin yara a makarantun kuɗi ba wa'azin sista ba ne, aikin gida ne. Ana lafta musu darussa har islamiyyar yamma ta gagara, iyaye su ce bari ta ci satifika tukuna, shekara biyu su wuce hadda ta zube. Wannan shi ne abin tsoron, kuma maganinsa a hannunku yake. Ku tsara lokacin islamiyya tun kafin a buɗe makaranta, ya zama ba a taɓa shi.

Kuma kin san abin da garin nan ya gani ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015, lokacin zanga-zangar zanen ɓatancin da wata jarida ta Faransa ta buga: an ƙona coci-coci, makarantar mishan ma ba ta tsira ba, kuma cikin yaran da suka rasa azuzuwansu har da ƴaƴan Musulmi da yawa. Ba don in tsorata ki na tuno ba. Uwa tana da haƙƙin ta tambayi makaranta yadda ake sallamar yara in gari ya rikice, da lambar da za ta kira.

Wan mijinki kuwa uba ne, kada ki yi jayayya da shi da bakinki. Ko kin fi shi hujja, ke za a ce kin raba ƴan'uwa. Maigida ya ɗauke shi su je makarantar tare, ya yi tambayoyinsa da kansa, ya ga yaran da hijabansu. Sannan a ba shi wani abu ya riƙe: shi zai zaɓi islamiyyar, shi zai riƙa jin haddarta duk Juma'a. Mutumin da aka damƙa wa amana ba ya cika zama abokin gaba ba, kuma yarinyar ta samu mai sa mata ido a kan karatun da makarantar ba za ta ba ta ba.

Akwai abin da ba ki tambaya ba, wanda a wurina ya fi gicciyen bango muhimmanci. A cikin shekara biyun nan, ko jim kaɗan bayansu, jikin ɗiyarki zai fara sauyawa. A ajin CM na ƙasarmu za ki samu mai shekara 10 da mai 14 a benci ɗaya, saboda shiga a makare da maimaita aji, don haka maganar al'ada tana cikin ajin ko an so ko ba a so ba. A nan makarantar mata zalla take da fifiko na gaske, domin yarinyar da ta ɓata siket ba ta fuskantar dariyar maza, kuma malama tana iya yin bayani a fili. Amma fifikon ba ya tabbata sai da makewayi mai ƙofa da sakata da ruwa. Kin san halin ruwa a Damagaram, musamman daga Maris zuwa faɗuwar damina, lokacin da famfo ke yin kwanaki ba ɗigo. Ki ce a nuna miki makewayin yara, ba na malamai ba. Ki duba ko akwai tanki ko randa, da buta, da sabulu, da wurin jefa ƙunzugu. Makarantar da ofishinta ke sheƙi amma makewayinta ba ya shiguwa, yarinya za ta riƙa ƙin shan ruwa don kada ta ji fitsari, in al'ada ta zo kuma ta zauna gida kwana uku ko huɗu duk wata.

Bayanin jiki malama za ta iya yi. Hukuncin haila da wanka da ramuwar azumi ba aikin sista ba ne, kuma bai kamata a sa ran ta yi ba. Wannan naki ne, da malamar islamiyya da ke karantar da Ahalari. Ki faɗa mata tun kafin ta gani, kada ki bari sai ta tsorata ta ɓoye. Ki kula kuma da cinta: yarinyar da ta fara jini tana buƙatar abin da ke ƙara jini, wake, zogale, hanta, nama in an samu, kuma kada ta fita da safe ciki ba komai. Buɗe makaranta yana haɗuwa da ƙarshen lokacin zazzaɓin cizon sauro, saboda haka gidan sauro na cikin kayan makaranta.

Kada kuma kalmar mata zalla ta sa ki saki jiki. Akwai mai gadi, akwai malamai maza a wasu azuzuwan, akwai mai ba da darasin ƙari, akwai ɗan kabu-kabun da zai kai ta ya ɗauko ta kullum, wanda sau da yawa shi ne ya fi kowa kaɗaicewa da ita. Cocin Katolika ta sha kunya a ƙasashe da dama kan cin zarafin yara, har a 2019 Fafaroma Faransis ya kafa dokar da ta wajabta wa fada-fada da sistoci kai rahoton duk abin da suka sani. Tambayar ƙa'idarsu a kan haka ba cin fuska ba ce: an yarda babba ya keɓe da yarinya a ɗaki a rufe? Wa yarinya za ta kai wa ƙara? Irin tambayar da ya kamata a yi wa makarantar gwamnati da islamiyya ma ke nan. Bulala kuma, in suka ce suna duka, ni ba zan kai ɗiyata ba.

A gida, lokaci za ki ba ta. Yaro mai wannan shekarun yana buƙatar barcin awa 9 ko fiye. In ta tashi da asuba ta yi shara da wanke-wanke, ta dawo ta yi raino, ta je islamiyya, ta zo ta tarar an ɗauke wuta, ba sistar da za ta iya gyara wannan. Ki raba aikin da ƴan'uwanta maza, ki saya mata fitila mai cajin rana, ki cire ta daga talla in tana yi. In akwai ƙungiyar iyaye ko ta uwaye a makarantar, ki shiga, a san fuskarki.

Batun kuɗi, ki nemi a rubuta miki komai: kuɗin rajista, na shekara, kayan sawa, littattafai, darasin ƙari na CM2, sannan ki ƙara kuɗin kai da kawowa na wata tara. Ki tambaya ko ana biya kashi-kashi, kuma me ake yi wa yarinyar da aka makara biya mata. Korar yarinya gida gaban ƙawayenta saboda bashi yana yi mata illar da ta fi zama a makarantar gwamnati tun farko. In lissafin bai fita ba, ki bar ta inda take, ki sa rabin kuɗin a littattafai da malama mai yi mata ƙari a gida. Wannan ma hanya ce mai kyau.

Sannan ki yi tunanin abin da ke bayan CM2 tun yanzu, domin a can ne muke asarar ƴan mata. Alƙaluman UNICEF sun nuna kusan kashi 76 cikin ɗari na matan Nijar ana aurar da su kafin shekara 18, kashi 28 kafin 15, kuma jihohin Maraɗi da Damagaram suna cikin na gaba. Akwai dokar Disamba 2017 da ta tanadi kare karatun ɗiya mace har shekara 16, an kuma buɗe makarantar kwana ta ƴan mata a Kelle ta yankin Gure a 2021 saboda wannan matsalar, amma a aikace maganar tana yankewa ne a zauren gida. Ɗiyarki mai yiwuwa kwalejin haɗaka za ta shiga, aji mai cunkoso, malamai da yawa maimakon ɗaya, samari da suka girme ta. Ki tambayi sistocin ina ɗalibansu ke zuwa bayan satifika, kuma ko suna shirya su. Ku yi magana da maigida yanzu, tana da shekara 10, cewa za ta kai BEPC, jarrabawar ƙarshen kwaleji, aƙalla, ya faɗa wa ƴan'uwansa da bakinsa.

In kin yanke shawarar kai ta, ki karɓo takardar sauya makaranta da littafin makinta daga tsohuwar lakwal kafin malamai su watse hutu, ki haɗa da takardar haihuwa. Ki duba cewa sunanta da ranar haihuwarta iri ɗaya ne a duka takardun, domin kuskuren harafi ɗaya yakan hana yarinya zama jarrabawar CM2, kuma gyaransa a kotu yana cin lokaci. Bayan jarrabawar zangon farko, wajen Disamba, ki sake yi mata gwajin karatun nan da sabon shafi, ki duba ko tana zuwa islamiyya yadda aka tsara, ki tambaye ta da wa take zama lokacin tara. In biyu daga cikin ukun nan sun lalace, ki koma wurin shugabar a Janairu, kada ki jira ƙarshen shekara.